Ku Tambaya Mu Amsa: Ilang-ilang, Bishiyar Turare 'Yar Dangin Gwandar Daji

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga bishiya guda, wato ilang-ilang, wadda ake tatsar man ƙamshi daga furenta. Mun zaɓi shida daga cikinsu, kuma inda tambayoyi biyu suka yi kama da juna mun haɗe su wuri ɗaya domin kada amsa ta maimaitu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, sau da yawa ina ganin an rubuta ylang-ylang a bayan kwalin turare, cikin jerin abubuwan da aka haɗa shi da su. Da na ɗauka sunan wani sinadari ne da ake sarrafawa a masana'anta, sai wani abokina ya ce mini bishiya ce, har ma wai 'yar'uwar gwandar daji ce. Ina gaskiyar wannan magana, alhali ban taɓa jin an yi turare da gwandar daji ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya a duka biyun. Ilang-ilang bishiya ce da masana tsirrai suke kira Cananga odorata, sunan da masana biyu 'yan Birtaniya, Joseph Hooker da Thomas Thomson, suka tabbatar mata a 1855, kuma asalinta dazuzzukan Kudu maso Gabashin Asiya ne masu yawan ruwan sama, tun daga Maleshiya da Indunusiya da Filifin har zuwa arewacin Ostireliya. Tana cikin babban dangin da ake kira Annonaceae, wanda masanin nan Bafaranshe Antoine Laurent de Jussieu ya ware shi ya ba shi suna a 1789, kuma a yau an ƙidaya kusan nau'i 2,400 a cikinsa, akasarinsu a ƙasashe masu zafi. A wannan dangi ne gwandar daji da fasadabur da kimba suke. Gwandar gida kuwa, duk da tarayyar suna, ba ta da alaƙa da su ko kaɗan, domin danginta daban ne.

Zumuntar tsirrai ba a ƙamshi ko ɗanɗano ake gane ta ba, sai an duba ginin jikinsu, musamman furen. Idan ka tsinki furen gwandar daji ka buɗe shi a tafin hannunka, za ka tarar sassansa uku-uku suke tafiya: ƙananan ganye uku a gindi, sannan ganyayen fure shida a layi biyu, uku a waje uku a ciki, a tsakiya kuma tarin 'yan ƙananan gaɓoɓin namiji cunkushe suna kewaye da na mace. Haka furen ilang-ilang yake, sai dai nata ganyayen furen dogaye ne sirara, suna reto ƙasa suna murɗewa kamar an yayyaga ƙyalle. Ganyen bishiyoyin dangin yana fita ɗaya bayan ɗaya a gefe biyu na reshe, idan an murza shi yana ba da ƙamshi, ɓawonsu kuma yana saɓulewa da tsawo kamar igiya. Amma shaidar da ta fi burge ni ita ce ta 'ya'ya. A gwandar daji gaɓoɓin mace na fure guda suna narkewa cikin juna su zama ɗa ɗaya mai ƙuraje-ƙuraje a bayansa, a kimba kuwa kowace gaɓa tana girma ita kaɗai, shi ya sa ake ganin ta cure a kara ɗaya kamar yatsun hannu. Ilang-ilang hanyar kimba ta bi: fure ɗaya yana haifar da curin 'ya'ya masu siffar zaitun, kore da farko, baƙi idan sun nuna, waɗanda manyan kurciyoyin daji suke ci su yaɗa irin a cikin kurmi.

Idan an bar ta a daji takan haura mita 20, tana girma da sauri, rassanta suna sunkuyowa ƙasa. Furenta yana fitowa kore kuma kusan babu ƙamshi, sai ya yi mako biyu zuwa uku yana rikiɗa sannu a hankali har ya koma rawaya, a lokacin ne ƙamshin yake cika, kuma ya fi tashi da dare, lokacin da faɗa-wuta da ƙananan ƙwari suke yawo suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Sunan da ka gani a kwali daga harshen Tagalog na Filifin ya fito. An daɗe ana yaɗa cewa ma'anarsa furen furanni, amma kalmar ilang a wannan harshe daji take nufi, wato wurin da babu mutane. Ka ga ke nan ita ma, kamar 'yar'uwarta da ka sani, da daji aka yi mata laƙabi.

Tambaya: Malam, ni mai haɗa turare ce a gida, kuma idan zan sayi man ilang-ilang nakan ga wani an rubuta masa Extra, wani I, wani II, wani III, kuma kuɗinsu ya bambanta ƙwarai. Shin bishiyoyin ne iri-iri, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce kawai? Kuma yaya zan gane na kirki?

Amsa: Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a cikin duk waɗanda muka samu, don haka za mu ɗan tsaya a kanta. Dukkan waɗannan matakai daga bishiya ɗaya suke fitowa, daga fure ɗaya, kai, har daga tukunya ɗaya a yini ɗaya. Abin da ya raba su shi ne lokacin da kowanne ya fito daga bakin bututu.

Aikin yana farawa tun kafin rana ta fito. Masu tsinka, waɗanda galibinsu mata ne, suna shiga gona da asuba da kwanduna, domin furen ya kwana yana tara mai, kuma da zarar rana ta yi zafi mafi sauƙin sassan ƙamshin sukan fara tashi su bi iska. Ba kowane fure ake tsinka ba. Mai tsinka takan ɗaga furen ta leƙa cikinsa, idan ya zama rawaya sosai kuma wani ɗan ja-ja ya bayyana a gindin ganyayen ciki, ya isa, idan kuwa da sauran kore sai ta bar shi zuwa wani zagayen. Da hannu ake cire shi ɗaya-ɗaya, a aje shi ba tare da dannawa ba, saboda furen da ya ƙuje yakan yi baƙi ya fara ruɓa, kuma kaɗan daga irinsa ya isa ya ɓata tukunya guda. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama, an auna, an nufi wurin tatsa.

A can akwai babbar tukunyar ƙarfe a kan murhu, wadda ake fara dafa ruwa a cikinta kafin a zuba furen, domin kada ya daɗe a ruwan ɗumi yana lalacewa. Sai a rufe ta da murfi mai bututu. Tururin da yake tashi yana ɗauke da man, ya bi ta wani murɗaɗɗen bututu da aka nutsar cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga cikin wani mazubi, inda man yake tasowa sama a kwashe shi. Yawancin furanni da ganyayen da ake tatsa sa'o'i kaɗan suke ɗauka, amma ilang-ilang takan cinye yini da wani ɓangare na dare, wani lokaci har kusan sa'o'i 24, kuma man ba ya fitowa iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Abin da ya ɗigo a sa'a ta farko zuwa ta biyu shi ne Extra, wanda ya fi ɗauke da sinadarai masu saurin tashi irin su linalool da benzyl acetate, kuma shi ne mai ƙamshin nan mai zaƙi da kaifi da ke kama da furen a kan bishiya. Sai mai tatsa ya sauya mazubi ya tari na ɗaya, bayan wasu sa'o'i ya tari na biyu, sannan na uku, wanda yake fitowa a doguwar jelar aikin, kuma ya fi yawa amma ƙamshinsa ya fi kwanciya, yana karkata ga na itace. Ba agogo kaɗai mai tatsa yake kallo ba, yana auna nauyin man da wani ɗan ma'auni mai yawo a cikin ruwa, domin Extra ya fi nauyi, na uku kuma ya fi sauƙi, kuma a kan wannan nauyi ne ma'aunin duniya mai lamba ISO 3063 ya kafa iyakokin kowane mataki. Akwai kuma wanda ake kira cikakke, wato wanda aka bari ya taru gaba ɗaya ba tare da an raba ba.

Kada ki ɗauka na uku ba shi da amfani. Masu sabulu da man shafawa sun fi son sa, domin ya fi jure wa sarrafawa kuma ya fi daɗewa. Manyan gidajen turare kuwa Extra da na ɗaya suke nema. Saboda haka kafin ki saya, ki fara yanke shawarar abin da za ki yi da shi, don babu hikima a zuba Extra a sabulu.

Dalilin tsadarsa lissafi ne mai sauƙi. Kilo 100 na fure kusan kilo 2 na mai yake bayarwa idan an haɗa dukkan matakan, Extra kuma wani yanki ne kawai na wannan. Matashiyar bishiya takan ba da kusan kilo 5 na fure a shekara, wato sai an tara furen shekara guda na bishiyoyi kamar goma kafin a samu kilo ɗaya na mai.

Inda kaya suke da daraja haka, algus ba ya nisa. Wasu sukan gauraya shi da man kananga, wanda ake tatsa a tsibirin Jawa daga wani iri daban na wannan bishiya, halastaccen mai ne a karan kansa amma ƙamshinsa bai kai laushin na ilang-ilang ba. Wasu sukan zuba man girki ko sinadaran masana'anta, wasu kuma sukan dafa na uku don nauyinsa ya ƙaru ya shige a matsayin na sama. A gida za ki iya ɗiga digo ɗaya a farar takarda ki aje ta kwana ɗaya ko biyu: man ƙamshi tsantsa yakan tashi ya bar ɗan tabo mara maiƙo, wanda aka haɗa da man girki kuwa yakan bar da'irar maiƙo da ba ta gushewa. Ki kuma riƙa sansana takardar lokaci-lokaci, domin man gaskiya yana sauya fuska yayin da sa'o'i suke wucewa, na haɗi kuwa yadda ya fara haka yake ƙarewa. Wannan gwaji yana kama algus na gangan ne kawai. Na ƙwararru sai ɗakin gwaje-gwaje, don haka idan da yawa za ki saya, ki nemi mai sayarwa ya nuna miki takardar gwajin wannan kaso da ƙasar da ya fito.

Tambaya: Na karanta cewa bishiyar 'yar Asiya ce, amma kuma an ce ƙasar Komoros da ke gabashin Afirka ce kan gaba wajen samar da man. Yaya aka yi haka ta faru?

Amsa: Malam, tafiya ce ta fiye da shekara ɗari. Mutanen Asiya sun daɗe suna amfani da furen ɗanye. A Filifin ana kitsa shi da farin furen sampagita a yi abin wuya, a Indunusiya ana watsa shi a shimfiɗar amarya da ango, ana kuma jiƙa shi cikin man kwakwa don gyaran gashi. Irin wannan man gashi ne ya shahara a Ingila a ƙarni na 19 da sunan man Makasar, sunan wata tashar jiragen ruwa a tsibirin Sulawesi, kuma maza sun shafa shi har sai da matan gida suka ƙirƙiro wani ɗan ƙyalle da ake ɗorawa a bayan kujera don kare ta daga maiƙo.

Tatsar man don kasuwa a Manila aka fara ta a wajajen 1860, kuma har zuwa farkon ƙarni na 20 man Manila shi ne abin nema a Turai. Faransawa, waɗanda masana'antar turarensu take garin Giras, ba su so su ci gaba da dogara ga wata ƙasa ba, sai suka faɗaɗa noman bishiyar a tsibiran da suke mulka a Tekun Indiya, da farko a Reyuniyon, daga baya a Nosi Be da ke arewa maso yammacin Madagaska da kuma tsibiran Komoros. Ƙasar waɗannan tsibirai ta aman wuta ce mai taki, ga ruwan sama, ga ɗumi, ga kuma arhar ƙwadago a ƙarƙashin mulkin mallaka, abin da bai kamata a ɓoye shi ba idan ana ba da wannan tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya harkar ta durƙushe a Filifin, ta kafu a Tekun Indiya. A daidai wannan lokaci, a 1921, aka fitar da turaren Chanel No. 5 wanda Ernest Beaux ya haɗa, kuma ilang-ilang tana cikin ginshiƙansa tare da yasmin da wardi, abin da ya ƙara ɗaga darajarta a idon masu haɗa turare.

Komoros ta sami 'yancin kai a 1975, kuma har yau man ilang-ilang da kanumfari da banila su ne manyan kayan da take fitarwa waje. Tsibirin Anjuwan, wanda mutanensa suke kira Nzuwani, shi ne cibiyar aikin, inda ƙananan manoma da masu tukwanen tatsa suka maye gurbin manyan gonakin Turawa. Tsibirin Mayot da ke maƙwabtaka, wanda ya ci gaba da zama a hannun Faransa har ya zama cikakkiyar gundumarta a 2011, yana ɗauke da furen ilang-ilang guda biyu a tambarinsa, ko da yake noman ya ja baya sosai a can saboda tsadar ƙwadago.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da yake damuna, kuma ina ganin ya dace duk mai shafa turaren ya san shi. Tukunyar da za ta kwana tana tafasa itace take ci, mai yawa kuwa, kuma Anjuwan ƙaramin tsibiri ne mai tsaunuka da cunkoson jama'a, wanda dazuzzukansa suka ragu ƙwarai, har koguna da dama da a da suke gudana duk shekara suka koma na damina kawai. Ba tatsar ilang-ilang ce kaɗai ta jawo haka ba, domin sharar gona da katako da girki duk suna da nasu kason, amma tana cikin masu laifi, kuma abin takaicin shi ne ita kanta tatsar ba ta yiwuwa sai da ruwan sanyaya bututu, wanda dajin ne yake riƙe da shi. An fara gina murahu masu rufi da ke riƙe zafi su rage cin itace, ana kuma dasa itatuwan wuta na musamman, kuma a ganina wannan ya fi kowace irin talla muhimmanci ga makomar man. Haka nan kuɗin da matar da ta fito da asuba take samu a kan kilon fure ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ake sayar da ƙaramar kwalba a Faris, kuma duk lokacin da farashin man ya faɗi a kasuwar duniya, a kanta faɗuwar take fara sauka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da sha'awar itatuwa masu ƙamshi. Zan iya shuka ilang-ilang, kuma me take bukata?

Amsa: Allah ya ja da ranka. Amsar tana hannun yanayin wurin da kake. Bishiyar kurmi ce ta ƙasa mai ɗumi da laima, wadda ta fi jin daɗi inda ruwan sama yake kaiwa milimita 1,500 zuwa 2,000 a shekara, matsakaicin zafi kuma tsakanin digiri 21 da 27. Tana iya jure gajeren rani, amma doguwar rani da busasshiyar iska suna sa ta zubar da ganye ta daina fure, sanyi mai tsanani kuma yana kashe ta. Inda rani yake da tsawo ba za ta yi ba sai da ban ruwa a kai a kai da kuma kariya daga iska. Tana son rana sosai idan ta girma, da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Da iri ake shuka ta, kuma irin yana da wata ɗabi'a da takan karya gwiwar mai gaggawa: sabon iri ba ya tsirowa da kyau, wanda ya yi wata shida zuwa shekara a ajiye ya fi shi fitowa, kuma ko shi ma sai an yi makonni ana jira. Tana yin doguwar uwar saiwa tun tana ƙarama, don haka idan ka rene ta a leda, ka zaɓi mai zurfi, ka kuma dasa ta da wuri kafin saiwar ta naɗe, domin wadda saiwarta ta karye da wuya ta murmure. A gona akan bar kusan mita 6 tsakanin bishiya da bishiya. Icenta ba shi da ƙarfi, guguwa tana karya shi cikin sauƙi, saboda haka kada ka dasa ta dab da rufin ɗaki.

Wanda ya ga hoton gonakin ilang-ilang na Komoros ko Nosi Be zai yi mamakin siffar bishiyoyin, gajeru, masu karkatattun rassa da suka baje suka sunkuya kamar tsofaffi masu doro. Hannun mutum ne ya mayar da su haka. Idan bishiyar ta kai mita 2 zuwa 3 sai a sare kanta, a riƙa danne rassan ƙasa ana datse duk tohon da ya nufi sama, domin furen ya tsaya inda hannu zai kai, kuma wannan aski ba ya ƙarewa muddin bishiyar tana raye. A wuri mai kyau takan fara fure tana da shekara biyu zuwa uku, ta ci gaba har shekaru da dama. Idan filinka ƙarami ne, akwai wata gajeriyar iri da ake kira fruticosa, wadda ba ta wuce mita biyu ba kuma tana yin fure ko a cikin babban kasko, ko da yake ƙamshinta bai kai na uwar ba. Shawarata ita ce ka shuka ta don jin daɗin ƙamshinta da yamma. Batun tatsar mai daga bishiya ɗaya ko biyu kuwa, lissafin da muka yi wa Hajiya a sama ya isa amsa.

Tambaya: An ce mini man ilang-ilang yana maganin hawan jini da rashin barci, har wata ta ce in riƙa ɗiga shi a ruwa ina sha. Ya halin wannan?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki sha. Man ƙamshi abu ne mai ƙarfi ƙwarai, digo ɗaya ya tattara abin da ke cikin furanni masu yawa, ba ya narkewa a ruwa, kuma yana iya ƙona maƙogwaro da ciki. Gaskiya ne an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna cewa shaƙar ƙamshinsa yana sa mutum ya ji natsuwa, bugun zuciya da awon jini su ɗan sauka na ɗan lokaci, amma tsakanin wannan da maganin hawan jini akwai tazara mai nisa. Hawan jini cuta ce da take aiki a ɓoye tana lalata ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya aje maganin likita ya koma ga ƙamshi ya jefa kansa cikin haɗari na gaske. Idan ƙamshin yana kwantar miki da hankali kafin barci, babu laifi ki ɗiga digo ɗaya a ƙyalle ki aje nesa kaɗan da matashinki, ki kuma ci gaba da shan maganinki.

Ko a fata ma sai da lura. Ilang-ilang tana cikin man ƙamshin da aka san suna jawo ƙaiƙayi da ƙuraje ga wasu mutane, shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta sa ta cikin jerin abubuwan da dole a bayyana sunansu a jikin kayan kwalliya idan sun wuce wani adadi. Kada a shafa shi tsantsa. A tsarma shi cikin man shafawa mara ƙamshi, kada ya kai kashi ɗaya cikin ɗari, a gwada a ɗan wuri a cikin hannu a jira kwana biyu. Yawansa a rufaffen ɗaki yana kawo ciwon kai da tashin zuciya, kuma na taɓa ganin haka da idona a wurin wata baiwar Allah da ta zuba shi da yawa a kaskon turare ta rufe tagogi. A nisanta shi daga ƙananan yara, mai juna biyu kuma ta tambayi likita tukuna.

Tambaya: Malam, akwai wata doguwar bishiya siririya a harabar gidanmu, rassanta sun rungume jikinta suna kallon ƙasa, ganyenta dogo mai lanƙwasa a gefe. Wani baƙo ya ce ilang-ilang ce, amma shekara da shekaru ban ji ƙamshinta ba.

Amsa: Malama, bisa siffar da kika bayar, wannan ba ilang-ilang ba ce, 'yar'uwarta ce daga Indiya da Siri Lanka, wadda aka daɗe ana kira Polyalthia longifolia kafin masana su mayar da ita Monoon longifolium. Baƙon naki bai yi nisa da gaskiya ba, tunda dangi ɗaya suke kuma ganyensu yana kama, amma ita ana dasa ta ne don ado da tare iska da ƙura, furenta ƙanana ne kore-kore masu siffar tauraro, suna fitowa na 'yan makonni sau ɗaya a shekara, kuma ba su da ƙamshin a-zo-a-gani. Ganyenta ya fi siranta da tsini, jikinta kuma a tsuke yake kamar ginshiƙi, alhali ilang-ilang tana baje rassa. Akwai kuma wata ta uku mai hawa bango, Artabotrys hexapetalus, wadda ake gane ta da ɗan ƙugiya a karan furenta, ita kam tana da ƙamshi mai ƙarfi kamar na nunannen ɗan itace. Idan kina son ki tabbatar da taki, ki jira lokacin furenta, ki tsinki ɗaya ki auna shi da yatsanki: na ilang-ilang ganyayensa sukan kai tsawon yatsa suna reto, kuma idan ya yi rawaya, tun daga bakin ƙofa za ki ji shi bayan magariba.